Yadda Ake Ziyartar Gidan Tarihin Soja Domin Sanin Guzurin Yaƙi

Yawancin masu shiga gidan tarihin soja kan zarce kai tsaye wurin bindigogi da igwa, su wuce sashen da ke nuna yadda aka ciyar da mayaƙa, aka shayar da su, aka kuma isar musu da harsashi, alhali da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mazaunin Kaduna ya fi kowa cancantar kula da wannan fanni, domin kogi da layin dogo na cikin dalilan da suka sa Turawan mulki suka maido da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917.

A Ingila akwai gidan tarihin da aka keɓe wa fannin kacokan a Worthy Down, mallakar rundunar guzuri da sufuri da aka kafa a 1993. A Nijeriya kuwa sai dai mutum ya tsinto shi a cikin sauran kayayyaki, kamar a Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahiya, wanda aka kafa a 1985, ko a ɗakunan ajiya na cibiyoyin soja. Idan wurin da ka nufa yana cikin bariki, ka rubuta takardar neman izini tun da wuri, ka bayyana dalilin ziyarar da yawan mutanen da za ka zo da su, ka riƙe katin shaidarka, kuma kada ka ɗaga waya da niyyar ɗaukar hoto sai an yarje maka. Yini guda na karatu a Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da ke Titin Rabah a Kaduna, kafin tafiyar zai ninka amfaninta.

Da ka shiga, ka fara da taswira, kana tambayar kanka daga ina kaya suka taso, kuma wa ya ɗauke su. Lokacin da Kanar Morland ya tashi daga Zariya ya ci Kano a watan Fabrairun 1903, layin dogo bai isa can ba sai a 1911, saboda haka shinkafa da albarusai duk a kan 'yan dako suka yi tafiyar, kuma su ma dole a ciyar da su daga abin da suka ɗauko. A ganina, a nan ya kamata mai ziyara ya fi daɗewa, musamman gaban hotunan Yaƙin Bama (ƙasar Burma, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu), inda runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma suka ratsa dazuzzukan da mota ba ta shiga. A kwarin Kaladan jiragen sama ne suke jefo guzuri da lema, sannan sojojin dako su ɗora a ka su bi sawun mayaƙa. Barikin Chindit na Zariya daga wancan yaƙin ya samo sunansa.

Kada ka raina ƙananan abubuwa irin su butar ruwa, kwanon cin abinci, takalmi da littafin sito, domin su ne ke nuna abin da aka tanadar wa soja guda a kowace rana. A Umuahiya, motocin sulke da bama-baman da Biyafara ta ƙera da kanta shaida ne na abin da toshe hanyoyin shigo da kaya ya haifar tsakanin 1967 da 1970. Ka tafi da littafin rubutu, ka kwafi bayanin da ke jikin kowane abu, sannan ka roƙi jagora ya gaya maka inda aka samo shi da shekarar da aka kawo shi.