Yadda ake ƙalubalantar sallama daga aiki da sunan rage ma'aikata a Birtaniya

A Ingila da Wels da Sikotlan, dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996 ta ba kamfani damar sallamar mutum idan ya rufe gaba ɗaya, ko ya rufe reshen da mutumin yake, ko irin aikin da yake yi ya ragu. Sai dai wani lokacin fakewa ake da guzuma a harbi karsana: an gaji da kai ne kawai, aka ce wai rage ma'aikata ake yi.

Abu na farko, duba ko kana da hurumin kai ƙara. Tun Afrilun 2012 sharaɗin shi ne ka yi shekara 2 a jere a wurin. Amma idan an zaɓe ka ne saboda ƙungiyar ƙwadago, ko don ka tona wata almundahana, ko an zaɓi mace saboda juna biyu, wannan sharaɗin bai shafe ku ba.

Daga nan sai tattara hujja, kuma a nan ne aikin yake. Ka nemi a ba ka a rubuce su wa aka auna ku tare, da wane ma'auni aka yi amfani, da makin da ka samu. Idan ku biyar ne kuke aiki iri ɗaya amma kai kaɗai aka kira ofis, ka rubuta wannan. Idan bayan wata guda ka ga an tallata kujerarka da sabon suna, ka ɗauki hoton tallar da kwanan watanta. An zauna da kai an ji ta bakinka kafin a yanke hukunci, ko takarda kawai aka miƙo maka? An nema maka wani gurbin? Wanda aka ba sabon gurbi yana da mako 4 na gwaji. Idan kuwa mutum 20 ko fiye za a sallama a wurin aiki guda cikin kwana 90, dole a fara tuntuɓar wakilan ma'aikata aƙalla kwana 30 kafin sallamar farko, ko kwana 45 idan sun kai 100.

Ka ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin, a rubuce. Amma kada ka miƙe ƙafa kana jiran amsarsu, domin wannan ba ya tsayar da wa'adin kai ƙara kotu. Wata 3 ba kwana ɗaya gare ka daga ranar da aikinka ya ƙare, kuma a ganina wannan ne ya fi kayar da masu gaskiya.

Kafin wa'adin ya cika ka sanar da hukumar sasantawa ta Acas. Wajibi ne, kyauta ne, kuma yana dakatar da lissafin kwanakin. Idan sulhu ya ƙi, za su ba ka takardar shaida mai lamba, da ita za ka cike fom ɗin ET1 zuwa kotun ɗa'ar ma'aikata. Tun 2017 ba a biyan kuɗin shigar da ƙara.

Idan kamfani ya kawo yarjejeniyar sasanci, ba ta zama halattacciya sai wani mai ba da shawara mai zaman kansa, kamar lauya, ya duba maka ita. Kuma ka auna tayin da kyau: bisa hukuncin shari'ar Polkey ta 1987, kotu na iya rage diyyarka matuƙa idan ta ga ko da an bi ƙa'ida da kai ɗin za a sallama.