Yadda za ka daina yi wa hukumomin siyasa kuɗin goro

Shekaranjiya da daddare muna zaune wajen mai shayi a Wunti sai wani ƙanena ya zaro katin zaɓensa daga walat, hoton ma har ya fara koɗewa, ya ce "Yaya ni na gama da wannan, INEC da kotu da 'yan majalisa duk bakinsu ɗaya." Na san zafin da ke cinsa, nima ina jin sa. Amma maganar ta tsaya min a rai, saboda duk wanda ya yarda cewa komai ya ruɓe to ranar zaɓe yana gida, kuma hakan ba wanda yake yi wa daɗi sai mai son maguɗi.

Ga yadda ni nake yi in zan auna wata hukuma.

Da farko kar ka bari kalmar "duk" ta fita bakinka sai ka tambayi kanka wane aiki, a wace shekara. Ɗauki INEC. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023 sakamako bai hau shafin intanet a kan lokaci ba kamar yadda aka yi alkawari, wannan gazawa ce babba, faɗe ta da ƙarfi kar ka ji kunyar kowa. To amma nan Bauchi fa? A 2019 gwamna mai ci, Mohammed Abubakar, jam'iyyarsa ɗaya da shugaban ƙasa, aka sha fama har aka ce zaɓe bai kammala ba, aka koma aka ƙarasa, ƙarshe hukumar nan ta bayyana Bala Mohammed na PDP. A 2007 ma Isa Yuguda ya ci a ANPP alhali PDP ke riƙe da jiha da tarayya. Da ƙuri'a ba ta aiki kwata-kwata wallahi da ba mu ga waɗannan ba. Riƙe duka biyun a hannunka, kar ka jefar da ɗaya don hujjarka ta yi santsi.

Sannan ka san wa ke da alhakin me, nan ne da yawa muke tuntuɓe. Zaɓen ƙananan hukumominmu 20 ba INEC ke yin sa ba, hukumar zaɓe ta jiha ce. Kwata ta toshe a unguwa ana ta zagin sanata, alhali akwai kansila da ciyaman da ko tambayarsu ba a yi ba.

Ka kuma raba kujera da wanda ke kanta. Majalisar tarayya da muke kuka da kuɗin motocinta, ita ce dai a Mayun 2006 ɓangaren dattawanta ya kashe gyaran tsarin mulkin da zai ba Obasanjo tazarce. Mutanen ciki suna canjawa, ikon da ke hannun majalisar yana nan, to nagari za mu tura ciki.

Mai wuyan shi ne gwada kanka, kuma gaskiya nan nake so ka daɗe. Tuna hukuncin kotu na ƙarshe da ka yaba, da wanda ka zaga, sai ka duba ko dalilin alƙalai ka karanta ko dai kawai ɗan takararka ne ya ci ko ya faɗi. Lokacin canjin kuɗi, mutane na kwana a layin banki, mai POS na yankar abin da ya ga dama, Kotun Ƙoli ce a Maris 2023 ta ce tsofaffin takardun naira su ci gaba da aiki. Ranar kowa ya sa mata albarka. Bayan 'yan watanni ta yi hukuncin zaɓe, wasu cikin masu albarkar nan suka ce ai dama an saye ta tun fil azal. In za ka ce hukunci kaza bai yi ba, faɗi wanne, kuma me ya sa.

Haka nan in jam'iyyarka ce a sama kar ka koma ɗan amshin shata, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Shi ƙanen nawa na ce masa ya kawo min abu ɗaya da ɗan majalisar mazaɓarsa ya yi da kyau da ɗaya da ya ɓata, sai ya yi shiru, ashe ko sunansa bai sani ba. Ya dai mayar da katin cikin walat, ya ce zai bincika ya dawo min ranar Juma'a.