Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Fitar da 'Yan Tsaki Zuwa Akurki

A gidaje da yawa a Katsina da Daura, wari ne ke yanke ranar fitar da 'yan tsaki daga ɗaki. Sun kai sati 3, kashi ya yi yawa, maigida ya fara ƙorafi, sai a kwashe su a zuba a akurkin tsakar gida. Da safe a tarar da su tare a lungu ɗaya, na ƙasa sun mutu.

Dalili shi ne ɗan tsako ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai gashinsa ya kammala fitowa. A satin farko yana buƙatar zafi kamar digiri 32 zuwa 35, ana ragewa kusan digiri 3 kowane sati, kuma gashi ba ya rufe jiki sai wajen sati 5 zuwa 6. Saboda haka a ɗauki tsako a hannu a duba wuyansa da ƙarƙashin fiffike. In har akwai sauran lallausan gashin jarirai, da saura. A hunturu, Disamba da Janairu, ni ina ganin ko sati 6 bai isa ba sai an lulluɓe akurkin da buhu da daddare, domin sanyin asuba a nan ba wasa ba ne. Masu sa kaskon gawayi a ciki su bar kafar iska, hayaƙinsa kaɗai yana kisa.

Wani kuskuren shi ne a yi ƙaurar rana guda. Tsakon da ya taso kusa da fitilar ɗumi bai san iska ba, bai san rana ba. A fara kashe masa fitila da rana, sannan a riƙa fito da su da hantsi cikin keji, awa 1 ko 2, a mayar kafin la'asar, ana ƙarawa a hankali har mako. Ranar da suka koma akurki gaba ɗaya a kulle su a ciki kwana 3 ko 4 da abinci da ruwa, su gane nan ne makwanci. In ba haka ba, da magariba za a gan su a ƙofar ɗakin da suka baro suna kuka.

Shi kansa akurkin sau da yawa shi ne matsalar. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, hadarin damina kuma galibi daga gabas, don haka ƙofar da ta kalli kudu ta fi. Rufin kwano mara tsayi kuwa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tanda ne. Za a ga kaji sun buɗe baki, sun saki fiffike, sun daina ci. A ɗora zana ko kara a kan kwanon, ko a matsar da akurkin ƙarƙashin darbejiya. Ƙasa kuma a zuba buntun shinkafa ko ƙaiƙayi, a kiyaye shi a bushe, domin a jiƙaƙƙiyar shimfiɗa cutar kashin jini ke kama su.

Mutane kan tuna da shirwa su manta da maɓarnatan dare. Shirwa raga a sama ta ishe ta. Gafiya da ɓera ta ƙasa suke haƙowa, a ƙasar rairayi irin ta Daura ba ya ba su wuya, muzuru kuma ta kafar ƙofa yake zura hannu. A binne gindin wayar akurkin, ko a daɓe ƙasan.

Wani kuskuren kuma shi ne haɗa su da manyan kajin gida kai tsaye. Manya za su tsattsage su, su hana su ci, amma abin tsoron ya fi haka. Kazar gida ko wadda aka sayo daga kasuwa tana iya ɗauke da cutar Newcastle, wadda ke share kaji a lokacin hunturu. A tabbata an gama rigakafin cutar Gumboro da kuma Lasota, wato rigakafin Newcastle, kafin su fita, kada kuma a ba su a ranar ƙaura. Ma'aikacin dabbobi zai faɗi ranakun. A kula dai maganin ya zo cikin ƙanƙara, wanda ya sha rana a aljihu ba ya aiki. Bayan nan a sa raga tsakaninsu da manyan na mako guda, suna ganin juna ba sa taɓa juna. Sabuwar kazar kasuwa kuma ta yi sati 2 ita kaɗai.

Abinci ma kada a canza shi rana ɗaya da ɗaki. Wanda suka saba da shi za a ci gaba da ba su, ana gauraya sabon ko tsakin dawa da dusa kaɗan-kaɗan, mazubin ruwa kuma a ajiye shi a inuwa a sake shi safe da yamma.