Kurakuran da Ke Kashe Injin Dizal Bayan An Ƙara Masa Turbo

Duk mai a-kori-kura da ke lodin albasa daga Aliero, ko buhunan shanshera daga fadamar Argungu zuwa Birnin Kebbi, ya san lokacin da mota ke fara nishi. Sai a ba shi shawara ya sa babban turbo. Shawarar ba ta da laifi, amma yadda ake aiwatar da ita a garejinmu ne ke jawo asara.

Aikin turbo shi ne ya danna iska cikin injin da ƙarfin hayaƙin salansa, yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya. Iskar da aka matse kuwa zafi take yi, har takan wuce digiri 150. Iska mai zafi ba ta da nauyi, ba ta ƙona mai yadda ya kamata. Shi ya sa aka yi intakula, mai sanyaya iskar kafin ta shiga. Babban kuskure shi ne a sayi ƙaton turbo a bar tsohuwar intakula. A watan Afrilu, da zafin Kebbi ke haura digiri 40, iskar wajen da za ta yi sanyayawar ita kanta da ɗumi take. Ka fara da intakula, turbo ya biyo baya.

Amma ita ma a duba girmanta. Wadda ta cika kauri, in aka kafa ta gaban lagireto, za ta tare masa iska, sai ruwa ya fara tafasa a hawa. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin shinkafa kuma suna toshe ramukanta. A riƙa wanke ta da ruwa marar ƙarfi, daga baya zuwa gaba.

Kuskuren da ya fi ɓata mini rai shi ne buɗe mai. Bakanike zai murɗa famfon dizal, ko a taɓa ƙwaƙwalwar mota, ta fara tuttuɗo baƙin hayaƙi, mai ita yana murna wai ta yi ƙarfi. Wannan hayaƙin dizal ne da bai ƙone ba, kuɗinka ne ke fita ta salansa. A ciki kuma zafi na ƙaruwa. Fistin da alminiyam aka yi shi, alminiyam kuwa yana narkewa a digiri 660. Baƙin mai da ruwa ne ke kare shi, kuma kariyar tana da iyaka. Mota mai cikakken lodi da ta daɗe ana taka ta a haka, ƙarshenta tsagewar fistin ko kan injin. Maganin shi ne a sa agogon auna zafin hayaƙi, in ya doshi digiri 700 ka sassauta ƙafa ka sauko da giya. Kada a ƙara mai sai an tabbatar iskar ta wadata.

Masu tsohuwar Hilux mai injin 5L su yi hattara sosai. Ba a ƙera shi da turbo ba, matsin da fistin ke yi wa iska a cikinsa ya kai kusan ninki 22, alhali na injin 1KD mai lita 3.0, wanda aka ƙera da turbo, bai kai 18 ba. In dole sai an sa, a tsaya a ɗan ƙaramin matsin turbo.

Ƙaton turbo kuma ba ya tashi sai injin ya yi sama. A cikin yashi ko taɓon damina, inda kake neman ƙarfi daga ƙasa, nan zai ba ka kunya. Madaidaici ya fi dacewa da aikinmu.

Idan ka ji fito ƙarƙashin bonet, ƙarfi ya ragu, duba tiyo da kilif kafin ka zargi turbo. Kada ka taɓa cire filtar iska, ƙura tana cinye fukafukansa. Bayan doguwar tafiya, kamar daga Gusau zuwa Funtuwa, ka bar injin a silo minti biyu kafin ka kashe, don kada baƙin man da ke cikin turbo ya ƙone ya daskare.

In turbo ya mutu aka canza shi, a sauya tiyon da ke kai masa baƙin mai, a cire intakula a wanke cikinta tas. Man da ya taru a ciki, injin dizal yana iya zuƙe shi ya ƙona kamar dizal, ya yi ta gudu ba tsayawa ko da an zare makulli.