Yadda ake ɗauko kyanwar Siyam daga gidan marayun dabbobi

Kyanwar Siyam ita ce wannan mai shuɗin idon da kuke gani a hotuna, jikinta da haske amma fuska da kunnuwa da ƙafafu da wutsiya sun yi duhu. Asalinta ƙasar Tailan ne, wadda ake kira Siyam har zuwa 1939, kuma ta daɗe da shiga ƙasashen turawa, tun 1878 ƙaramin jakadan Amurka a Bankok ya aika wa matar shugaban Amurka Hayes guda ɗaya kyauta, a 1884 kuma aka kawo mace da namiji Ingila. To yanzu ga mutanenmu da ke zaune a Ingila ko Amurka yara sun dame su sai an kawo mage gida, ba sai ka je wurin masu kiwo ka zube ɗaruruwan fam ba, akwai gidajen da ake tara kyanwoyin da aka yasar ko masu su suka gaza da su, can za ka ɗauko. Sai dai ba kamar kasuwa ba ne da za ka nuna ka ce a ɗaure min wannan, su ma sai sun tantance ka tukuna.

Kafin ka taɓa fom ɗin da za su ba ka ka cike ma ka fara sanin halin abar da kake nema, don yawancin waɗanda ke ƙarewa a waɗannan gidaje ba wani laifi suka yi ba, idon ne ya ruɗi mai su ya saya bai san me ke biye da idon ba. Wannan kyanwar akwai surutu wallahi, ba irin ɗan kukan magen unguwa ba, murya ce mai ƙarfi mai ɗan kaushi kuma ba ta gajiya, in tana jin yunwa za ta faɗa, in ka shiga banɗaki ka rufe ƙofa za ta zauna a bakin ƙofar ta yi ta faɗa, in ka tashi asuba ita ma ta tashi kuma ba ruwanta da cewa maƙwabcinka na fulat ɗin sama bai tashi ba. Kowa ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa. Abu na biyu, ba ta son kaɗaici ko kaɗan, ta kan maƙale wa mutum ɗaya a gidan ta riƙa binsa ɗaki-ɗaki, in aka bar ta ita kaɗai tun safe har dare kullum sai ta shiga damuwa, wata ta yi ta lasar jikinta har gashi ya zube, wata ta koma tauna bargo ko suwaita ko safa, kuma in ta haɗiye zare ya toshe hanji sai an yi mata tiyata. Saboda haka in kai mai aikin shift ne na awa 12, madam ma tana fita, yara suna makaranta, gaskiya ko dai ka ɗauki biyu da suka saba da juna su riƙa ɗebe wa juna kewa, ko ka nemi wata magen daban mai sanyin hali. Sannan tana da tsawon rai, shekara 15 ba abin mamaki ba ne, wasu har 20, ka tambayi kanka ina za ka kai ta in ka tashi komawa gida ko in kun tafi hutun Sallah na wata guda.

In ka ji ka gani, sai nema. A Ingila cikin ƙungiyoyin kula da dabbobi akwai Cats Protection, akwai RSPCA, da Blue Cross, da Battersea a Landan, duk suna sa hotunan kyanwoyin da ke hannunsu a shafukansu na intanet. A Amurka mutane sun fi shiga shafin Petfinder su zaɓi irin da suke so da garin da suke. Ƙungiyoyin masu kiwon Siyam ɗin su ma sukan sami sashen da ke nema wa waɗanda aka rabu da su sabon gida, kuma a ganina nan ya fi, don su sun san halinta ciki da waje. Sai ka yi haƙuri fa, 'yar asali ba kullum ake samu ba, in ta fito ma kafin ka farga an riga ka, abin da ya fi yawa shi ne ruwa biyu, mai launin Siyam da shuɗin ido amma ba takardar asali, kuma in dai ba gasar kyau za ka kai ta ba ban ga me takardar za ta ƙara maka ba. Manya sun fi jarirai samuwa, ni ma babbar nake ba mutane shawara, mai shekara 2 zuwa sama, halinta ya riga ya fito, ma'aikatan za su iya ce maka wannan tana jure yara wannan ba ta jurewa, jaririya kuwa caca ce.

Fom ɗin za su tambaye ka gidan naka ne ko haya, in haya ne sai ka kawo yardar mai gida a rubuce, su tambayi yara nawa da shekarunsu, akwai wata dabba, awa nawa gidan ke zama ba kowa, akwai babban titi kusa. Daga nan waya, wasu su zo duba gida ko su ce ka zagaya da su ta bidiyo. Mutanenmu ba sa son wannan ɓangaren, a ce wai saboda mage bature zai shigo ya leƙa maka ɗakuna, amma ba tsaftar falonka suka zo dubawa ba, taga da baranda da hanyar mota suke kallo. Kar ka yi ƙarya a fom don a ba ka. In gidanka gidan baƙi ne, kowane ƙarshen mako 'yan'uwa da yara cike da falo, ka faɗa, sai su ba ka mai son jama'a maimakon matsoraciyar da za ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi cin abinci.

Kai ma ka yi musu naka intabiyun. Me ya kawo ta nan, ta taɓa cizo ko yakushi da gaske, tana fitsari a wani wurin da ba kwandon yashin da ake ajiye mata don bayan gida ba, wane abinci take ci yanzu, an yi mata riga-kafi da maganin ƙuma da na tsutsar ciki, an gwada jininta na FIV da FeLV, cututtuka ne biyu da ke karya garkuwar jikin kyanwa. Ka tambayi haƙora, don wannan jinsin suna yawan fama da ciwon dasashi kuma aikin haƙori a asibitin dabbobi na can tsada gare shi ba kaɗan ba. Ka tambayi tari, suna cikin waɗanda asma ta fi kamawa. In ka ga idonta da ɗan harara-garke ko wutsiya da ɗan lanƙwasa a ƙarshe kar ka damu, gadonsu ne tun asali, ba ciwo ba ne.

Akwai kuɗin da ake biya, bai kai ko kusa da na masu kiwo ba, kuma na hidimar da suka yi mata ne, allurai da fiɗiya da ɗan maikirocip ɗin nan, 'yar na'ura mai ɗauke da lambar shaidarta, da ake sa mata ƙarƙashin fata a bayan wuya. Na san wasu na da damuwa da hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim kan kuɗin kyanwa, malamai sun yi saɓani a kai kuma mafi yawa sun halatta sayar da ita, a nan dai ba cinikinta ake yi ba, amma in zuciyarka ba ta kwanta ba ka tambayi malaminka. Haka maganar fiɗiya, kusan duk gidajen nan ba sa sakin kyanwa sai an yi mata ko ka sa hannu za ka yi, kuma duk wanda ya taɓa jin kukan macen Siyam lokacin da take neman muzuru cikin dare zai fahimci dalili. Maikirocip kuwa a Ingila doka ce tun 10 ga Yuni 2024, kyanwa kafin ta cika sati 20, tarar na iya kaiwa fam 500, don haka ka tabbatar an mayar da rajistar da sunanka da lambar wayarka.

Yanzu gidan. A nan ne gidan Bahaushe ke da nasa abubuwan da ma'aikatan ba za su tuna su gaya maka ba. Turaren wuta na farko, uwargida ta turara falo da labule hayaƙi ya tirniƙe, ga kyanwa mai saurin kamuwa da asma wannan matsala ce, ba an ce a daina ba, a fitar da ita wani ɗakin a buɗe taga sai hayaƙin ya lafa. In ka ga ta duƙa ta miƙe wuya tana tari kamar za ta yi amai ba abin da ya fito, kai ta likita. Na biyu ragowar abinci, miyarmu ba ta rasa albasa da tafarnuwa, su kuwa suna lalata mata jini, don haka ba zancen a juye mata sauran tuwo da miya ko tsire mai yaji. Madara ma da kowa ke ɗauka abincin mage ce yawancin manyansu zawo take sa su. Nama ne abincinta, ka sayi abincin kyanwa na kanti wanda aka rubuta cikakke ne, ka fara da irin wanda take ci a can, in za ka canza ka riƙa gaurayawa kaɗan-kaɗan cikin sati guda zuwa kwana 10. Na uku, kar a kuskura a ba ta Panadol ko wani farasitamol don an ga ba ta da lafiya, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Haka maganin ƙumar kare mai sinadarin permethrin, haka furen lili da ake kawowa kyauta a kwalba, ko garin furen ta lasa a jikinta ƙoda na iya tsayawa.

Ranar ɗaukowa ka je da kejin ɗaukar kyanwa, ba kwali ba, ba a hannun yaro ba. Ka ware mata ɗaki ɗaya, abinci da ruwa a gefe guda, kwandon yashi can nesa da su, wurin ɓuya, da abin da za ta riƙa kartar farce in ba so kake kujerun falo su zama nata ba. Ka buɗe kejin ka ƙyale ta. Wahalar a nan yara ne, kowa so yake ya ɗauka, a hana su, su zauna ƙasa shiru ita za ta zo da kanta. Wata awa biyu ta fara zagaye tana yi maka bayani, wata sai ta yi kwanaki a ɓoye, duk daidai ne muddin tana ci tana sha tana zuwa yashi, amma in ta wuce kwana ɗaya cur ba ta sa komai a baki ba ka kira likita, yunwa na saurin taɓa hantar kyanwa. In namiji ne ka ga yana ta nishi a yashi fitsari bai fito ba, wannan na gaggawa ne ko tsakar dare ne. Yashin a kwashe kullum, kuma mai juna biyu ta bar wa wani wannan aikin saboda wata ƙwayar cuta da ke cikin kashin kyanwa da kan iya taɓa ɗan cikin. In za a riƙa barinta fita waje a jira sati 3 zuwa 4 ta san nan ne gida.

Wani abu da ke ba mutane tsoro a banza, launinta na canzawa. Duhun nan yanayin zafi da sanyi ne ke sarrafa shi, inda jiki ya fi sanyi nan ke yin duhu, shi ya sa ake haihuwarsu farare tas, suna girma suna ƙara duhu, in likita ya aske wani wuri ma gashin na iya fitowa da duhu kafin ya koma daidai. Wadda ke zaune a zafin Kano ko Yamai za ta fi ta Manchesta haske. Ku na gida kuwa in kun sami wadda wani zai bar gari yake nema mata mai riƙo, tambayoyin nan duka ku yi su, ku ƙara da allurar ciwon haukan kare wadda a Ingila ba a buƙata amma a wajenmu dole ce, kuma a kiyaye ta da hayaƙin maganin sauro da feshin ɗaki.

Cikin satin farko ka yi mata rajista da likitan dabbobi na kusa da kai, ka duba inshora tun tana lafiya don ba sa biyan ciwon da ta riga ta zo da shi. In kuma an yi wata biyu abin ya ƙi, surutun ya fi ƙarfinku ko wani yaro ya fara atishawa da ƙaiƙayin ido, kar ka sa ta a Facebook kyauta, kar ka sake ta a titi, takardar da ka sa wa hannu galibi ta ce ka mayar musu da ita, ka kira su za su karɓa.