Yadda Ake Bambanta Farin Ciki da Wadatar Zuci, da Yadda Ake Sabawa da Ta Biyun

A shekarar da na fara aiki na yi wata takwas ina zuba adashe domin in sayi babur. Ranar da na ɗauko shi daga shago ban bari an cire ledar kujerarsa ba, na zagaya gidajen 'yan uwa ana sa albarka, a daren kuma sau biyu ina tashi in leƙa zaure domin in tabbatar yana nan. Ba a yi wata biyu ba wani abokin aikina ya sayi mota, daga ranar kuwa babur ɗin ya fita raina, alhali babu abin da ya same shi. A gidan da na tashi akwai kakata, wadda duk abin da ta mallaka bai wuce gadon ƙarfe da akwatin tufafi da awaki uku ba, amma idan aka tambaye ta ya gida sai ta ce, "Alhamdu lillahi, asiri a rufe," kuma fuskarta ta gaskata bakinta. Abin da na ji ranar babur shi ne farin ciki. Abin da kakata ta rayu da shi kuwa shi ne wadatar zuci, wadda malamai ke kira ƙana'a.

Abu na farko da ya kamata ka koya shi ne gane wanne ne yake tare da kai a kowane lokaci, hanyar kuwa ita ce ka tambayi kanka daga ina ya zo. Farin ciki yana da sanadi da za ka iya nunawa da yatsa: haihuwa, ɗaurin aure, sakamakon jarrabawa, ciniki mai riba, ruwan farko na damina. Baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne, da hantsi ya ɗaga sai ka neme shi ka rasa. Wadatar zuci ba ta jiran wani labari ya iso, domin matsaya ce da zuciya ta ɗauka game da rabonta, shi ya sa take iya zama tare da baƙin ciki a zuciya ɗaya. Za ka ga mutumin da aka yi wa rasuwa yana zaune a tabarmar makoki, hawaye na zuba, amma babu ƙorafi a bakinsa kuma babu kyashin waɗanda nasu ke raye. Babu mai cewa yana farin ciki a wannan rana, duk da haka zuciyarsa a wadace take.

Saurin gushewar farin ciki halitta ce ta ɗan Adam, don haka kada ka zargi kanka idan ka ga ɗokin sabon abu ya kwanta. A shekarar 1978 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka mai suna Philip Brickman da abokan aikinsa sun tattauna da mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a caca, suka gwada su da wasu mutane na yankunansu da ba su ci komai ba, sai suka tarar da bambancin farin cikinsu bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi jan hankali shi ne waɗanda suka ci kuɗin sun rage jin daɗin ƙananan abubuwa na yau da kullum, kamar karin kumallo da hira da aboki. Zuciya takan saba da abin da ta samu, sannan ta ɗaga ma'auninta. Tun kafin wannan bincike da ƙarnuka masu yawa, hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya faɗa cewa da ɗan Adam zai mallaki kwari biyu na dukiya da ya nemi na uku.

Idan ka fahimci wannan, aikin da ke gabanka shi ne ka yanke wa kanka abin da ya ishe ka, kuma ka yanke shi a rubuce. Ka samu takarda da biro, idan kana da iyali ka zauna tare da maiɗakinka, ke ma ki zauna da maigidanki, ku lissafa abin da gidan yake buƙata kafin a ce asiri ya rufu: hatsi da cefane, kuɗin haya, kuɗin makarantar yara, magani, abin hawa zuwa wurin nema, abin da ake kai wa iyaye, da ɗan abin da za a ajiye saboda ko-ta-kwana. Wannan lissafi shi ne iyakar gonarka. Wanda bai san iyakar gonarsa ba kullum gonar maƙwabci yake hange, yana ganin kamar tasa ce aka rage. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya taƙaita ma'aunin a abubuwa uku, wato mutum ya wayi gari cikin aminci, da lafiya a jikinsa, da abincin yininsa. Ka riƙa sabunta lissafin nan duk shekara, domin tun da aka cire tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023 kowa ya ga yadda kuɗin mota da na kwanon masara suka sauya. Sharaɗin kawai shi ne farashin kasuwa ya zama dalilin ƙarin, kada sabon gidan da wane ya gina ya zama dalili.

Daga nan sai tsare ido, kuma a ganina nan ne yaƙin yake. A da mutum yakan gwada kansa da mutanen unguwarsu, waɗanda ya san cikinsu da wajensu, ya san mai motar nan yana fama da ciwon suga, mai benen can kuma 'ya'yansa sun gagare shi. Yanzu waya ta kawo mana bukukuwan mutanen da ba mu taɓa gani ba har kan gadonmu. Budurwa za ta buɗe TikTok ko Instagram ta ga lefe akwati goma sha biyu, ta ga kamu da dina da gidan amarya an ƙawata shi, sai ta dubi abin da saurayinta ya yi shekara biyu yana tarawa ta ji ya zama abin kunya. Abin da hoton bai nuna mata ba shi ne bashin da aka ci, da filin gadon da aka sayar, da irin zaman da za a yi bayan 'yan biki sun watse. Sau da yawa kallon kitse ake yi wa rogo. Maganin da hadisin Muslim ya bayar shi ne mutum ya dubi wanda yake ƙasa da shi a abin duniya, kada ya dubi na sama, domin hakan ya fi kare shi daga raina ni'imar Allah. A aikace, ka lura da shafukan da kake tashi daga kansu da ƙuncin rai ka daina bin su, ka kuma mayar da zuwa dubiya asibiti da ziyarar dangi marasa ƙarfi al'adarka ko da sau ɗaya ne a wata. Idan kuma wani abu ya shiga ranka wanda ba ya cikin lissafinka, ko waya ce ko shadda ko anko na uku a wata guda, ka ba shi kwana bakwai kafin ka taɓa aljihu. Abin da buƙata ce ta gaske zai tsaya, na kwaɗayi kuwa yawanci kafin mako ya zagayo ya bi iska.

Godiya ita ma sai an koye ta, kuma ta fi tasiri idan aka ambaci abin da ake gode wa da sunansa. A binciken da masana halayyar ɗan Adam Robert Emmons da Michael McCullough suka wallafa a 2003, waɗanda aka sa su rubuta abubuwa biyar da suke godiya a kansu duk mako sun fi gamsuwa da rayuwarsu a kan waɗanda aka sa su rubuta abubuwan da suka ɓata musu rai. Kafin ka kwanta, ka ƙirga na yinin nan ɗaya bayan ɗaya: zazzaɓin yaron ya sauka, an ci tuwo an bar na ɗumame, mahaifiya ta kira ta sa albarka.

Akwai kuskuren da nake jin tsoronsa fiye da kwaɗayi, shi ne a ɗauki mutuwar zuciya a sa mata sunan ƙana'a. Matashin da ke kwana a majalisa har azahar yana cewa rabonsa ba zai wuce shi ba bai wadatu ba, zuciyar nema ce ya rasa, kuma zomo ba ya kamuwa daga zaune. Lokacin da Abdurrahman bin Auf ya yi hijira zuwa Madina ba shi da komai, Sa'ad bin Rabi'i ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai ya yi masa addu'ar albarka ya ce a nuna masa kasuwa. Bai sa ido a dukiyar wani ba, bai kuma naɗe hannu ba, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran sahabbai. Haka nan ƙana'a ba ta hana mutum neman haƙƙinsa. Ma'aikacin da aka riƙe wa albashi, da tsohon da ake yi wa jeka-ka-dawo a kan fansho, da matar da mijinta yake da hali amma ya bar ta da yara babu cefane, duk suna da damar su yi magana su kai ƙara, kuma zalunci ne a rufe musu baki da wa'azin wadatar zuci. Ga yadda za ka gane bambancin a zuciyarka: idan ka yi iyakar ƙoƙarinka sannan ka kwanta ka yi barci a kan abin da ya samu, ƙana'a ce, idan kuwa tsoro ko kasala ne ya hana ka motsawa, sai ka tashi.

Duk wannan ba ya nufin ka ɗaure fuska idan farin ciki ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ka yi murnar Sallah da yara, ka yi shagalin suna gwargwadon ƙarfinka, ka bar shi ya tafi idan lokacinsa ya yi ba tare da ka ci bashi don ka tsayar da shi ba.

Wani lokaci kuma ƙuncin da ke damun mutum ya wuce batun gwada kai da wasu. Idan ɗan uwanka ya yi mako biyu ko fiye ba ya jin daɗin komai, barcinsa da cin abincinsa sun rikice, ya janye daga mutane, ko ya fara cewa gara ma ya mutu ya huta, to alamomin ciwon damuwa ne, kuma ciwo ne da ake maganinsa kamar hawan jini. Kada ka ce masa rashin godiya ne ko raunin imani, domin hakan ƙara masa nauyi yake yi. Ka zauna ka saurare shi, sannan ka raka shi wurin likita a asibiti mafi kusa, ko asibitocin da suka ƙware a kan lafiyar ƙwaƙwalwa irin na Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Jihar Sakkwato, kuma ka ci gaba da leƙa shi bayan an fara ba shi magani.