Yadda Za Ka Zaɓi Motar Jif Da Ta Dace Da Hanyarka

A shekarar 2023 kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a duniya ƙirar jif ne, manya da ƙanana, kuma tun a 2018 kamfanin Ford ya sanar da cewa zai daina sayar da yawancin motocinsa na salun a Amurka saboda kasuwarsu ta ja baya. Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyarin jif ya san abin da ke jan hankalin masu saye. Kujerar a sama take, direba yana hango hanya sosai, dattijo yana shiga ba tare da durƙuso ba, uwa kuma tana zaunar da yaro ba sai ta sunkuya ba. Sai dai tsayin da ke kawo wannan jin daɗi yana da nasa nauyin, don haka akwai abubuwan da ya kamata ka duba kafin ka biya kuɗi.

Da farko ka leƙa ƙarƙashin motar, domin abin da ake kira jif iri biyu ne. Akwai wadda aka ɗora bodinta a kan shasi na ƙarfe mai kama da tsani, irin Toyota Land Cruiser, wadda aka ƙera don jan kaya mai nauyi da jure duwatsu da gargada. Akwai kuma kurosoba, irin Toyota RAV4 da ta fara fitowa a 1994 da Honda CR-V da ta biyo bayanta, waɗanda bodinsu da shasinsu a haɗe suke kamar na salun, shi ya sa suka fi sauƙin nauyi, suka fi laushin tafiya, suka kuma fi ƙarancin shan mai. A ganina, wanda kusan duk tafiyarsa a kan kwalta take ba shi da buƙatar ta farkon, kome kwarjininta.

Bayan haka ka tambayi tayoyin da injin ke ja. Mutane da dama suna ɗauka cewa kowace jif tana ja da tayoyi huɗu, alhali kurosoba masu yawa tayoyin gaba kaɗai suke ja da su. Idan hanyarka tana da taɓo ko yashi mai zurfi, ka nemi mai ja da huɗu, kuma ka tabbatar ko tana da ƙaramar giyar ƙarfi ta hawan tudu. Ka auna tazarar cikin motar da ƙasa da kanka: ta salun galibi santimita 13 zuwa 15 ce, ta kurosoba kuwa takan kai 18 zuwa 21.

Wajen gwaji, kada ka tsaya ga miƙaƙƙiyar hanya. Ka shiga kwana a hankali ka ji yadda motar ke karkata, domin nauyin jif a sama yake, kuma ta fi salun saurin kifewa idan aka fizgi sitiyari. Wannan ne ya sa na'urar hana zamewa, wadda ke taimaka wa mota ta tsaya kan hanyarta idan tayoyi suka fara santsi, take da muhimmanci ƙwarai. Alamarta a gaban direba hoton mota ne da layuka biyu masu lanƙwasa a bayanta. Ya kamata ta kama idan ka murɗa makulli, sannan ta mutu bayan injin ya tashi. Idan ta ƙi mutuwa, sai makaniki ya bincika kafin a yi ciniki. Ka kuma lura da abin da ba ka iya gani daga kujera, musamman dab da hancin motar da bayanta, inda ƙaramin yaro zai iya ɓace maka gaba ɗaya.

Ka lissafa kuɗin riƙo. Jif ta fi salun mai girman inji ɗaya nauyi, iska ta fi tare ta, don haka ta fi shan mai, tayoyinta kuma sun fi girma da tsada. But ɗin ma yakan ruɗi ido, domin a wasu ƙananan kurosoba tsayi gare shi ba zurfi ba. Ka je da akwatin da ka saba tafiya da shi, ka saka shi ciki kujerun baya suna tsaye, ka ga ko ƙofar za ta rufu.